Ki Ba Shi Ruwa

"Ki ba shi ruwa."

Auta ta dubi hannun da ya damƙe wuyan hannunta, sannan ta dubi mai hannun. A bayan asibiti suke, wajen da ake ajiye motoci, rana ta take. Matar da ta daɗe ba ta amsa gaisuwarta da abin da ya wuce "lafiya", yau ita ce ta tako da ƙafarta ta zo nemanta.

"Ruwa kuma, Mama?"

"Kada ki raina min hankali, yarinya! An faɗa min komai. Masu zuwa gwajin nan naku, rabi magani ake ɗirka musu, rabi ruwan gishiri. Kuma kaf ginin nan babu wanda ya san abin da ke cikin sirinji sai ke, don ke kike zuƙowa. Ƙarya na yi?"

Ba ƙarya ta yi ba.

A lokacin, korona ta rufe makarantu da kasuwanni, tana ɗauke mutane ɗaya bayan ɗaya kamar kaza na tsintar hatsi. A asibitin ana gwajin wata sabuwar allurar rigakafi wadda hukuma ba ta amince da ita ba tukuna. Kwamfuta ce ke zaɓar wanda zai samu magani da wanda zai samu ruwa, kuma Auta, mai haɗa magani, ita kaɗai ke ganin zaɓin. A ɗan ɗakinta take zuƙa, ta naɗe sirinjin da farar takarda don kada a ga launin abin da ke ciki, ta miƙa ta wata ƴar taga. Likita bai sani ba, nas ba ta sani ba, wanda aka yi wa ma bai sani ba. Da haka ake gane ko maganin yana aiki, kuma a kan haka aka ba ta amana.

"Gobe ɗana zai zo," Mama ta ce ta bayan takunkumin fuskarta. "Na yi faɗa, na yi kuka, na ƙi cin abinci, ya ce shi ya riga ya ba da suna. Shi kaɗai gare ni. Shi kaɗai! An ce abin nan yana hana haihuwa. An ce wani ɓarin jikinsa ya shanye..."

"Mama, wallahi yawancin maganganun nan..."

"Ba wa'azi na zo ji ba." Ta ƙara matse hannun. "Ki ba shi ruwa, ni kuma in ba ki shi. Kafin watan nan ya mutu zan tura kawunnansa wajen mahaifinki. In kuwa kin ƙi, ko bayan raina ban yarda ba."

Ta saki hannun ta tafi, ta bar shatin yatsunta a fatar Auta.

Ɗan nata, Mai Firji kowa ke ce masa, har mutanen layinsu sun manta yana da wani sunan. Tun kafin korona suka haɗu, ranar da babban firjin ɗakin magani ya fara gurnani kamar tsohon babur, sanyinsa na gudu, Auta na tsaye a kansa tana hawaye don magungunan da ke ciki ba sa yafe wa zafi. Sai ga wani dogo da jakar kayan aiki. Ya durƙusa, ya kara kunne a jikin firjin, ya ɗago yana murmushi.

"Malama, share hawayenki. Majinyacinki zai tashi."

Ya tashi kuwa. Wata waya ya haɗa a baya, ya naɗe ta da jan salatif. Daga ranar duk mako sai ya zo duba firjin da babu abin da ke damunsa.

"Firjin nan fa lafiyarsa ƙalau," ta ce masa wata rana ta tagar.

"Na sani. Mai gyaran ne ba shi da lafiya."

Shi ya sa mata Ƴar Taga, ita kuma ta sa masa Sarkin Sanyi, kuma babu sunan da bai dace da shi ba irin wannan, don mutum ne mai zafin nama da yawan dariya.

Mama ce ta ƙi. Ta ce ƴar asibiti ba ta zaman gida, ta ce idonta a tsaye yake, ta ce abubuwa da yawa. Gaskiyar magana ita ce ta riga ta yi wa ɗanta mata a zuciyarta, wato ƴar ƙanwarta, wadda ake kira Sista, nas ɗin da ke yi wa masu gwajin allura. Saboda haka Auta ba ta buƙatar boka ya gaya mata wanda ya kai wa Mama labarin sirinji. Sista kaɗai ta san abin da ke tsakaninsu a asibitin, kuma ta yi shiru da gangan, don da manya sun sani da ba a bar Auta ta taɓa sirinjinsa ba. Tarko ne mai kyau. In Auta ta ƙi, ta rasa shi. In ta yarda, ta ci amanar aikinta. Gaba kura, baya siyaki.

Ta kira shi da yamma.

"Sarkin Sanyi, ka janye sunanka mana."

"Ke ma? Mama ta gama nata, ke kin ɗauka?"

"Don Allah..."

"Ƴar Taga, ni nake gadin sanyin kwalaben nan. Sai in bar ƴaƴan wasu su miƙa hannu ni in ɓuya a bayan firji? Abokina mai walda ko fuskarsa ba a bari mun gani ba aka rufe shi. In kowa ya ce wani ya fara, wa zai fara?" Ya yi dariya. "Kuma wa ya fi ni sa'a? Masoyiyata ce za ta zuƙo min da hannunta."

Ta katse wayar tana kuka.

Washegari tana jin muryarsa ta tagar, yana tsokanar kowa.

"Sista, a hankali fa, hannun nan shi ke ciyar da Mama."

"Ka kwantar da hankalinka, Yaya. Ni dai abin da aka miƙo min zan yi maka."

Auta ta sa lambarsa a kwamfuta tana addu'a. Allah Ka sa ruwa ne. In ruwa ne ta huta, ba ta saɓa wa kowa ba, Mama ta samu abin da take so, ita ma ta samu nata.

Magani ne.

Ta buɗe firjin da ya gyara, ta ɗauko kwalba, ta zuƙa. Ta tsaya da sirinjin a hannu. Ta san aikinta, ta san yawancin waɗanda aka yi wa ba su wuce ciwon hannu da ɗan zazzaɓi ba. Amma "yawanci" kalmar takarda ce, shi kuwa mutum ɗaya ne, kuma nata ne. In fa shi ne na cikin dubun da abin zai taɓa? Sai ta tuna kawunnansa, ta tuna ranar da za a ce an sa rana, ta tuna shatin yatsun Mama. Ta ce wa kanta tsoro take ji masa. Rabi gaskiya ne. Sauran rabin son zuciya ne, ita ma ta sani.

Ta juya ga kwanon wanke hannu, ta danna sirinjin. Ɗan ruwa ne da bai cika cokali ba. Ta buɗe famfo ya tafi da shi.

Ta zuƙo ruwan gishiri a sabon sirinji, ta naɗe, ta miƙa. Sista ta karɓa, ta leƙo ta dube ta ido cikin ido, ta yi wani guntun murmushi.

"Wash!" ta ji ya ce a can. "Wannan ta gaske ce, wallahi!"

Kashegari da hantsi ya kira ta yana murna kamar wanda aka yi wa kyautar mota.

"Albishirinki! Hannuna ya yi tsami, kaina na sarawa, jikina da ɗumi. Ta gaske na samu!"

"Masu ruwan ma wasu suna jin haka," ta ce da sauri. "Kada ka saki jiki. Ka riƙa sa takunkumi, ka ji?"

"Ke dai an hana ki faɗa, na sani, ba zan tambaye ki ba. Amma da zan fita na leƙa tagarki, kika kasa haɗa ido da ni. Wa zai ji wa mutum tsoron ruwan gishiri? Fuskarki ta tona ki, Ƴar Taga."

Ya karanta fuskar daidai, fassarar ce ya yi kuskure.

Mama ta cika alkawari. Kawunnansa suka je, mahaifin Auta ya karɓe su hannu biyu, aka sa rana. Har kiranta Mama ta fara yi tana ce mata "ƴata", kalmar da Auta ta daɗe tana yunwar ji. Da lokacin allura ta biyu ya zo ta yi niyyar gyarawa, ta rantse za ta ba shi ta gaske. Amma a makon aka ji an dakatar da wani gwajin na ƴan kwanaki saboda mutum ɗaya ya kwanta, ana bincike. Da safen Mama ta kira ta.

"Ƴata, kin ji labarin ko? Kin ga abin da nake faɗa? Ina nan ina sa miki albarka."

Ƙarya ta biyu ta fi ta farko sauƙi. Famfo ya sake tafiya da rabonsa.

Shi kuwa ya zama mai wa'azin allura. Shagon da ya shiga gyara, gidan da ya shiga gyara, sai ya naɗe hannun riga ya nuna wurin. "Ga ni nan, biyu na sha, ban mutu ba, ban tsiro ƙaho ba!" Takunkumin ya sauka daga hanci zuwa haɓa, daga haɓa zuwa aljihu. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ya ce ta cika tsoro. Kullum tana cewa bayan biki za ta faɗa masa, lokacin da babu mai iya raba su.

Sai ta ji shi shiru, saƙo sama-sama, in ta kira ya ce aiki ne. Sista ce ta leƙo tagar wata ranar da rana, babu murmushin nan a fuskarta.

"Kin san Mama na kwance? Korona ce. Asibiti babu gado, a gida yake jinyarta. Ya kori kowa, ya ce shi kaɗai ne ba za ta kama ba."

Auta ba ta san lokacin da ta fita da farar rigar aiki a jikinta ba.

Ƙofar gidan a kulle take. Ta zagaya wajen tagar ɗakin Mama ta bubbuga ƙarfen. Ya buɗe da kofi a hannu, singileti a jikinsa, idanunsa sun yi ja, fuskarsa a buɗe.

"Ƴar Taga! Yau ke ce a waje ni a ciki? Matsa baya, kada ki ɗauka."

"Sa takunkuminka! Don girman Allah ka sa!"

"Haba, yana tsorata ta, ba ta gane ni in na sa. Ita ma tun da ta kwanta take korata, wai in fita, in fita, har da kuka. Zafin zazzaɓi ne. Ni da na sha biyu..."

"Ba ka sha komai ba."

"Na'am?"

"Ruwa ne, masoyi. Ruwan gishiri ne..."

Ya ajiye kofin a bakin tagar. Sai ya yi ƙoƙarin murmushi, don ita.

"To ai ba laifinki ba ne. Kwamfuta ce ta zaɓa min, haka Allah Ya so."

Ƙofa ce ya buɗe mata, da ta so da ta bi ta wuce, babu wanda zai taɓa sani sai Mama. Ta riƙe ƙarfen tagar da hannu biyu.

"Kwamfuta magani ta zaɓa maka. Ni na zubar da shi. Duka biyun."

"Ke?"

Daga can cikin ɗakin wata murya ta taso, a shaƙe, tana haki.

"Ni ce... ni na sa ta... na ce in ta yi zan yarda da auren..."

Ya juya ya dubi gadon, ya juyo ya dube ta. Ba ta taɓa ganin fuskarsa babu dariya ko kaɗan ba sai ranar.

"Ashe ciniki aka yi," ya ce a hankali. "Ni ne kayan."

"Tsoro na ji maka! Wallahi ina sonka..."

"Kun zauna ke da Mama kun yanke abin da zai shiga jikina, kamar wani jariri. Ni kuma ina yawo gari ina nuna wa mutane hannu, ina cika baki. Da kin ce min ba za ki iya ba, ai da na haƙura da gwajin saboda ke. Tambayata kawai za ki yi, Auta."

Bai taɓa kiranta Auta ba.

Sai ya yi tari. Busasshe, gajere, ya juya baya don kada ya same ta. Ta san tarin nan, kullum tana jin irinsa ta bangon asibiti.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Jiya."

Ya ja tagar ya rufe.

Mutuwa ba ta bin layi. Tsohuwar da kowa ya cire rai da ita ta fara shan ruwa, ta fara zama, ta tashi. Saurayin da ke ɗaukar firji a baya shi kaɗai, shi aka shigo da shi asibiti a kan gadon turawa, yana neman iska kamar kifin da aka fitar daga ruwa. Aka kai shi ɗakin da ba a shiga sai da rigar leda da gilashin fuska. Auta ba ta da aiki a can, don haka kullum tana bakin ƙofa, ana korarta tana dawowa.

A nan Sista ta same ta. Ta rame, idonta ya kumbura. Ta miƙo mata rigar leda da gilashi.

"Sa ki shiga. In an tambaya, ni ce."

Auta ta karɓi rigar tana mamaki.

"Ke na so in kayar," Sista ta ce. "Ke kaɗai! Jira nake a ɗaura auren in kai ƙararki, ko ya ji ya tsane ki. Ban taɓa kawo cewa Yaya ne zai..."

An ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Wannan ramin su uku suka gina shi, kuma wanda bai taɓa riƙe shebur ba shi ya faɗa.

Yana kwance rub da ciki, robar iska a fuskarsa. Ta durƙusa saitin idonsa. Ya daɗe yana kallon gilashin kafin ya gane ta.

"Ƴar Taga... yau ma... ta taga..."

"Ka yafe min. Ka yafe min, masoyi..."

"Na so... in ci gaba da fushi," ya ce, yana tsinka maganar. "Amma fushi... numfashi yake so... ni kuma babu."

Dariya da kuka suka haɗe mata, gilashin ya yi hazo.

"Na yafe. Mama ma... ki ce na yafe." Ya lalubo hannunta mai safar roba. "Abu ɗaya. A wajensu... ni mai magani ne. In na tafi... za a ce allurar ba ta aiki... ko ita ta kashe ni. Ki faɗa musu."

"Ba inda za ka je! Za ka tashi, ka faɗa musu da bakinka!"

"Za su kore ki... na sani. Amma kada ki bari... gawata ta yi ƙarya."

"Zan faɗa. Wallahi zan faɗa."

Ya lumshe ido, ta ɗauka barci ne. Sai ya ɗan motsa baki.

"Firjinki... jan salatif ɗin nan... kada a ja shi. In aka ja... zai tsaya."

Maganar ƙarshe ke nan da ta ji daga bakinsa. Ya cika da hantsi, a makon da aka sa za a yi bikinsu. Ita ma ba a bari ta ga fuskarsa ba.

Ta cika alkawari. Ta shiga ofishin babbar likitar da ke shugabantar gwajin, ta tsaya, ta faɗi komai, ba ta rage ba. Sunan Mama kaɗai ta ɓoye, da na Sista. Likitar ta cire tabarau ta daɗe tana murza ido.

"Kin san mutane nawa suka miƙa hannunsu don sun yarda da tagarki?"

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Da kin sani da ba ki yi ba." Ta mayar da tabarau. "Za mu gyara, za mu sanar da waɗanda ya kamata. Ki ajiye makulli."

Aka kore ta, aka hana ta aikin magani. Mahaifinta bai yi mata faɗa ba, da ya yi da ta fi jin sauƙi. Sai dai in ya wuce ƙofar ɗakinta ya ce, "Auta, kin ci abinci?" ta ce ta ci, su duka biyun sun san ba ta ci ba.

Ba a daɗe ba aka sanar a rediyo cewa hukuma ta duba sakamakon, ta amince da allurar. Tana kare mutane, musamman daga irin kwanciyar da ke kai wa kabari. Auta na wanke kofi ta ji. Ta kashe famfon, don ba ta iya jin ƙararsa da labarin a lokaci guda.

A ofis an gyara ƙaryar, amma titi ba ya karanta gyara. A layinsu kowa ya ga Mai Firji yana nuna hannu, kowa kuma ya ji mutuwarsa. Me ya rage a faɗa musu? Auta ta je da kanta, ta tsaya a shagon mai aski, ta tsaya wajen mai sayar da kayan miya, ta ce allurar ba ta taɓa shiga jikinsa ba, ita ta zubar. Suka dube ta da tausayi, wasu da tsana.

"Kare mutanenta take yi."

"Ba ita ce ta zuƙo masa ba? Allah Ya isa dai."

Ranar da aka fara yi wa jama'a allurar a babban zauren asibitin, an jera kujeru da tazara har bakin ƙofa. Yawancinsu babu kowa a kai. Auta ta zo kamar kowa, babu farar riga, ta karɓi lamba ta zauna. An turo babban firjin an ajiye a kusurwa. Daga inda take tana hango jan salatif ɗin a bayansa, yana ta aikinsa a hankali, ko gurnani babu.

Wani ya zauna a kujerar da ke kusa da ita, da nishi irin na wanda tafiya ta gajiyar. Ta juya.

Mama ce. Ta tsufa a ƴan watannin nan, mayafinta ya yi mata yawa. Ba su haɗu ba tun ranar taga.

"Ina kwana, Mama."

"Ƴata."

Kalmar da ta saya da tsada ke nan. Yanzu ta same ta, ba ta san inda za ta ajiye ta ba.

"Ya ce in gaya miki ya yafe," Auta ta ce.

Mama ta gyaɗa kai, hawaye na bin gefen takunkuminta.

"Na faɗa musu," ta ce. "Gida-gida na bi. Na ce ni na hana a yi masa, ni na kashe abina. Sai suka ce baƙin ciki ya taɓa min kai. Shi ne na ce bari in zo a yi min, ko in sun ga ban mutu ba..." Ta dubi kujerun da babu kowa. "Shi ma haka ya riƙa ce musu, ko?"

"Haka ya riƙa cewa."

Aka kira lambar Mama. Ta miƙe da ƙyar, ta kama hannun Auta, daidai wurin da ta taɓa damƙa.

"Zo ki tsaya kusa da ni. Tsoro nake ji har yanzu."

Wata nas ce da ba su sani ba. Ta buɗe firjin, ta ɗauko kwalba, ta zuƙa a gabansu, babu taga, babu farar takarda. Mama ta naɗe hannun riga ta runtse ido.

"Ta gaske ce?" ta tambayi Auta da raɗa.

"Ta gaske ce, Mama. Yanzu babu ruwa."

Nas ɗin ta soka, ta zare, ta danna ƴar auduga.

"An gama, Mama. Hannun zai ɗan yi tsami, wataƙila ki ji ɗan zazzaɓi zuwa gobe. Ki zauna can kaɗan mu gani, sai ki tafi gida."

Mama ta buɗe ido.

"An gama?"

"An gama."

Ta ɗaga audugar ta dubi wurin. Ɗigon jini ne guda ɗaya, bai kai ƙwayar gero ba. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗago ta dubi Auta.

"Ƴata... wannan ne abin da muka hana shi?"